Man Kaɗanya a Tifar Inna

Da tafin ƙafata na fara sanin kayan wasan nan. Na fito zan yi alwalar la'asar, akuya ta ja takalmina ɗaya ta kai shi inda ita kaɗai ta sani, sai na taka wani ɗan abu ja mai kusurwa huɗu. Na ƙarar da ƙuruciyata da rabin tsufana a rumfar gyaran keke, na taka ƙusa, na taka waya, na taka gutsuren sarƙa, amma babu wanda ya taɓa sa ni rawa da ƙafa ɗaya, ga buta a hannu, irin wannan ɗan bulon roba. Matata tana bakin murhu tana kallo. Sai da ta gama dariya sannan ta ce sannu.

Ɗana ne ya kawo su gidan. Direba ne, yakan daɗe a hanya, in ya dawo kuma ba ya shigo wa 'yarsa hannu sake. Wannan karon ya bi ta wajen 'yan gwanjo a kasuwa, ya tarar ana auna 'yan bulullukan roba da mudu kamar gero, ya sa aka auna mata. Ba kwali, ba takardar da ke nuna yadda ake haɗawa. 'Ya'yan wata ƙasa sun yi wasa da su har sun gaji, aka tattara aka turo mana. A ciki har da rabin jirgin sama, da kan doki, da wani ɗan mutum mai fuska rawaya wanda ya baro ƙafafunsa a can.

Yarinyar sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka bakina bai taɓa kama sunanta ba. Inna nake ce mata, ita kuma ta karɓi muƙamin hannu bibbiyu. Tun tana rarrafe take hararata. A lokacin tana aji huɗu na firamare, wato ta riga ta ninka ni karatu, domin ni a aji biyu na lura ni da bulalar malam ba za mu zauna ɗaki ɗaya ba, sai na bar mata ajin ta taga.

Tunda gwiwoyina suka sa na rufe rumfa, zaure ya zama ofishina. Nan Inna take baje kayanta a tabarma da yamma, ta kuma ɗauke ni aiki ba albashi.

"Tsoho, nemo min sanda mai huji bakwai."

Sai in shiga tono. Alhamdu lillahi lissafina ya kai bakwai.

Ban da bulon da ake dannawa ɗaya a kan ɗaya, akwai wasu 'yan sanduna masu huji a jere, akwai tayoyi, sannan akwai 'yan ƙananan abubuwa, tsawonsu bai wuce ƙwayar wake biyu ba, waɗanda ake cusawa cikin hujin su haɗa sanda da sanda. Ban san sunan da masu su suka raɗa musu ba, mu dai ƙusa muke cewa, ko da yake roba ce. Iri biyu suka fi yawa. Masu ruwan toka sumul suke, suna shiga salin-alin. Baƙaƙen kuwa suna da wasu 'yan jijiyoyi sirara a jikinsu, sai an danna da ƙarfi kafin su ce ƙwas. Inna takan danna har babban yatsanta ya yi ja. In ta rasa yadda za ta yi, ta sa haƙori.

"Inna, me kika tsare wa baƙaƙen nan? Ga masu ruwan toka ba sa gardama."

"Kowacce da wurinta, Tsoho. Bar min kayana."

Na bar mata kayanta, amma idon mai sana'a ya riga ya gani. Duk wanda ya taɓa sayen bokitin roba mai araha ya san yadda kamfani ke barin ɗan kaifi a baki, sai ka sa reza ka kankare. Ni a idona jijiyoyin nan aikin gaggawa ne, ma'aikacin ya ƙosa ya tafi gida. Kuma abu ɗaya na koya a duk zamana a rumfa: abin da ya yi tauri, mai yake so. Feda, sarƙa, boris, har ƙofar gida. Ban taɓa ganin wannan karatun ya ba ni kunya ba.

Tifa Inna take ginawa, irin masu kwaso yashi daga rafi. Ta daɗe a kanta, ta rushe ta sake, ta rushe ta sake, har ta fito da kai, da ƙofofi, da bodin da ake ɗagawa. Ana cikin haka malamarsu ta ce ranar rufe makaranta kowane yaro ya zo da abin da ya yi da hannunsa, iyaye za su zo kallo. Wannan ya ce tsintsiya, waccan ta ce mafici. Inna ta miƙe a gaban aji ta ce ita tifa za ta kawo, wadda za ta zubar da yashi, bodin kuma ya tsaya a sama ba tare da an riƙe shi ba. Wani yaro mai zama a bayanta ya ce ƙarya ne. Malama ta ce za a gani. Da ta dawo gida ta maimaita mana maganar yaron har da yadda ya murguɗa baki.

A nan maƙwabcina ya shigo labarin. Bakambare ne, mutumin Salka, tsohon manomi, dattijo a cocinsu. Katanga ɗaya ta raba mu, ita ma ta zube ta gefen bishiyar mangwaro ba wanda ya damu ya gyara. Hausarsa har yau tana ɗan ɗingishi, Kambarcina kuwa ko zama bai koya ba. Injiniya yake ce mini, kuma ba don girmamawa ba.

Ranar da abin ya faru Inna ta tafi Islamiyya, ta bar tifar a zaure a kan faifai. Da safe na ga yatsanta ya yi bororo, abin ya tsaya mini a rai. Na ɗauki motar ina jujjuyawa sai ga mutumin Salka da 'yar kujerarsa.

"Injiniya, yau kuma motar wa za ka kashe?"

Na nuna masa jijiyoyin. Ya ciro tabaransa, ya ɗaura, ya duba, ya gyaɗa kai kamar likita.

"Ba su gama aikin ba," in ji shi.

"Abin da na ce ke nan."

"Yarinya tana shan wahala, kai kana zaune da reza a aljihu."

Ka ji wanda ya zuga ni. Ina so a san wannan.

Muka tsara aiki yadda ya kamata. Ba mu rushe motar gaba ɗaya ba, domin mun san ba za mu iya mayarwa ba. Sai mu zare baƙar ƙusa ɗaya, shi ya riƙe da filaya, ni in kankare jijiyoyin tas, mu mayar, mu zaro ta gaba. Da muka zo maganar mai na ce baƙin mai zai ɓata mata hijabi. Ya ce in jira. Ya tsallaka ta wajen mangwaro ya dawo da man kaɗanya a murfin kwalba, na matarsa, wanda duk unguwar nan an san babu irinsa.

Matata ta leƙo da tsintsiya a hannu.

"Maigida, kun tambayi mai kayan?"

"In za ka yi wa mutum alheri sai ka tambaye shi?"

Ta dube ni, ta dubi mutumin Salka, ta koma ciki tana waƙa ƙasa-ƙasa.

Aikin ya yi kyau, wannan kam ba zan ɓoye ba. Kowace ƙusa tana shiga sulub, ba ƙwas ba gardama. Motar tana sheƙi. Muka mayar da ita kan faifai, muka wanke hannu, muka zauna muna jiran godiya.

Inna ta shigo da sallama, ta ajiye jakarta, ta durƙusa gaban tifa. Ta ɗaga bodin ta saki. Ya faɗo. Ta sake ɗagawa ta saki, ya sake faɗowa. Sai ta kama kan motar ta ɗaga ta sama don ta duba ƙarƙashi. Kan ya zauna a hannunta. Sauran motar ta sulale a hankali, kamar naman da ya dahu ya bar ƙashi, ta zube a tabarma kashi-kashi. Taya ɗaya ta gangara ta fita ƙofar zaure ta kama hanyar gari.

Ta dubi yatsunta suna maiƙo. Ta shinshina.

"Man kaɗe," ta ce.

Mutumin Salka ya tuna suna da taron dattawa a coci. Ko kujerarsa bai ɗauka ba.

Na fara bayani. Na kawo maganar bokiti, na kawo maganar boris. Ta ɗauki ƙusa ɗaya ta murza a yatsa, ta ji sumul, ta ɗauki wata, ita ma haka. Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Jijiyar ce take riƙewa. Masu ruwan toka na taya ne, don su juya. Baƙaƙen don kada su juya aka yi su." Da ta yi kuka da na san yadda zan yi, ina da alewa a aljihu. Ba ta yi ba. Ta tattara kayanta cikin hijabi ta shige ɗakin kakarta.

Washegari kiyashi suka yi layi tun daga bakin rijiya har ƙarƙashin gadon matata. Inna ta zuba kayan a roba, ta wanke da garin sabulu, ta shanya a faifai. Man ya fita. Jijiyar da aka kankare kuwa sabulu ba ya dawo da ita. Ta daina zuwa zaure. In magana ta zama dole sai ta bi da ita ta hannun kakarta, ina zaune ina ji.

"Kaka, ki gaya wa mijinki ga kununsa nan."

Ana gobe-jibi za a rufe makaranta na jiyo ta tana ce wa kakar ba za ta je ba ranar. Za a ce zazzaɓi take yi. Ta ce gara a ce ba ta zo ba da ta tsaya gaban yaron nan da faifan tarkace. Kakar ta ce ita ba za ta yi wa malama ƙarya ba. Inna ta ce to za ta tsaya a ruwan sama har zazzaɓin ya zama gaskiya.

Na sulale na ɗauki sanduna biyu masu huji daga faifan shanya, na leƙa ta katanga.

"Dattijo, taron naku ya tashi?"

"Yarinyar tana kusa?"

"Ɗauko tabaranka. Kasuwa za mu."

Mai gwanjon saurayi ne, ya baje kayansa a baro, bulullukan suna cikin wani babban daro. Na ce masa ƙusa baƙa muke so, ita kaɗai. Ya ce shi ba ya sayar da tsinta, mudu ake aunawa, abin da Allah ya ba ka shi ne naka. Na ce mudu nawa zan saya kafin in tara abin da nake nema. Ya ce wannan kuma tsakanina da sa'ata. Muna cikin ja-in-ja wani mai mota ya matsa masa ya gyara, ya tura baron gefe, tayar ta yi wani kuka da ya sa mai daddawa ta toshe kunne. Na laluba aljihu. Murfin kwalbar nan yana ciki da sauran mai. Na durƙusa da gwiwoyin da ba sa son durƙuso, na cusa wa bakin tayar. Ya tura gaba, ya ja baya, shiru.

"Ka gani?" na ce wa mutumin Salka. "Karatuna bai ƙare ba."

"A baro," in ji shi.

Saurayin ya ce mu tsinta, amma kada mu tare masa masu saye.

Haka muka tsuguna, tsofaffi biyu, kowa da furfurarsa, muna tsintar daro kamar mata masu gyaran wake. Tabarau ɗaya ne, sai muka riƙa karɓa-karɓa. Wanda ke da tabarau shi ke tsinta, marar tabarau shi ke gwaji. Gwajin ni na ƙirƙiro shi, kuma ina alfahari da shi: ka haɗa sanduna biyun da ƙusar, ka riƙe ɗaya, ka miƙe ɗayar a iska. In ta tsaya cak, ƙusar ta ci. In ta langaɓe kamar harshen kare a rana, a mayar daro. A nan na gane ba kowace baƙa ce baƙar kirki ba. Wasu sun tsufa jijiyar ta cinye da kanta. Wasu jabu ne, kana dannawa su tsage. Wata kuma in ka duba da kyau shuɗiya ce mai duhu, doguwa, ba irin wadda muke nema ba. Mutumin Salka ya miƙo mini wata da murna, na gwada na ga ba ta shiga ko'ina, ashe kashin ɓera ne ya bushe.

Mutane suka fara taruwa. Mai daddawa ta kasa haƙuri.

"Baba, na jika ne ko naku ne?"

"Nasa ne," in ji mutumin Salka. "In ya iya, za a sa shi aji uku."

"Allah ya ba da sa'a, Baba. A dage."

Hadari ne ya tashe mu. Na zuba abin da muka samu a hula, na kifa ta a kai, muka taho ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai.

A murfin kwano na zuba su, na ajiye a ƙofar ɗakin matata, na koma gefe na zauna ina duban kaji. Inna ta fito. Ta daɗe tana kallon murfin. Sannan ta zauna ta bi su ɗaya bayan ɗaya da farce, ta ware wasu gefe cikin waɗanda ni na ce sun ci. Na ci gaba da duban kaji.

"Kaka, ba za su isa ba."

Gaskiyarta. Ba mu samu ko rabin abin da muka kankare ba. Na ɗauka shi ke nan. Amma sai ta jawo faifan, ta jera sandunan a ƙasa yadda motar take, ta riƙa ɗora ƙusa a nan, ta ɗauke, ta mayar can. Masu ƙarfin ta ba mahaɗar da bodi ke ɗagawa. Masu biye musu ta ba dogayen sandunan ƙasa da ke ɗauke da motar, da inda kai ke haɗuwa da jiki. Ƙofofi da 'yan kayan ado suka tashi da kankararru.

"Gaya wa jikarki," na ce wa matata, "in ta naɗa wa kankararrun zare za su ɗan kama."

"Ni 'yar aikenku ce? Ga ka ga ta."

Inna ba ta ɗago ba. Can sai ta miƙa hannu cikin gwangwanin ɗinkin kakarta ta zaro zare.

Da aka zo dannawa, bororon yatsanta ya fashe a ƙusa ta farko. Ta sa a baki ta tsotsa, ta sake gwadawa da ɗaya hannun, abin ya ƙi. Na matso da tabarmata kaɗan. Na ajiye babban yatsana a kan faifan. Yatsan nan ya yi shekaru yana tura taya cikin rim, ya zama kamar ƙahon rago, ko allura ba ta shigarsa da daɗi. Ta dube shi. Ta saita ƙusar a huji, ta nuna da haɓa. Na danna. Ƙwas. Ta saita wata. Haka muka yi har aka kira magariba, ita tana zaɓa ni ina dannawa. Sau ɗaya na ɗauko wata ƙusa da nake ganin ta fi dacewa, ta buge mini hannu.

Ranar rufe makaranta ta ɗora tifar a tire, ta aza a ka. Ni da mutumin Salka muna biye, shi da rigarsa ta zuwa coci, ni da babbar rigar Juma'a. An yi ruwa da asuba, hanya duk taɓo. Duk ramin da ta tsallaka sai in miƙa hannu kamar zan tare tiren.

Aka jera tebura a inuwar dalbejiya. Tsintsiyoyi sun fi komai yawa, wasu kuma kana gani ka san uwar yaron ce ta ɗaure. Muka samu benci a baya. Da aka kira Inna ta sauke tiren, ta ɗebi yashi a ƙasa ta cika bodin, ta tura motar daga wannan bakin tebur zuwa wancan. Tayoyin suka juya lafiya. Ta sa yatsa ta ɗaga bodin, yashin ya zube. Sai ta janye hannuwanta duka biyu ta kai su baya.

Ya tsaya.

Malama ta sunkuyo ta duba ko an tokare da wani abu. Ta ɗan bubbuga teburin. Bodin bai motsa ba. Mutumin Salka ya matse mini gwiwa, wadda ta fi ciwon, ban ko ji ba sai daga baya. Ana fara tafi ke nan sai ƙofar hagu ta saki, ta faɗo tebur da zarenta yana reto.

Yaron nan na bayanta ya tuntsire da dariya. "Ƙofa ta cire, Malama."

Inna ta ɗauki ƙofar ta jefa cikin aljihun rigarta.

"Tifar yashi ce," ta ce. "Ka taɓa ganin mai ƙofa biyu?"

Wani mutum a benci na gaba, da alama shi ma direba ne, ya ce wallahi ƙofar tasa motar ma da igiya yake ɗaure ta. Wurin ya kaure da dariya, har malama sai da ta rufe baki da gyale. Kyautar farko wata yarinya ce ta ɗauka da hular da ta saƙa, kuma hular ta yi kyau, ba zan ci haƙƙinta ba. Inna aka ba ta littafin rubutu da fensir. Ba ta ma tsaya duba su ba, ta miƙa wa mutumin Salka ya riƙe.

Da za mu koma ta ƙi sauke bodin. Haka ta aza tiren a ka, tifa ta ɗaga baya sama, muka bi ta cikin unguwa yara suna nunawa. Da yake ba ta iya duban ƙasa, sai ta tsaya a bakin wata kwata.

"Tsoho."

Na waiwaya in ga ko akwai wani tsohon. Mutumin Salka ya zungure ni.

"Na'am, Inna."

"Wuce gaba ka riƙa faɗa min inda rami yake."

Na tattare babbar riga na wuce gaba.